SANA'AR TACE FIM: HANYAR ABINCI CE KO ƁATA LOKACI?

  Maganata ta bana ta shafi 'yan aji shida musamman, waɗanda ke shirin barinmu, da kuma iyayensu da za su karanta wannan mujalla a gida.

In ka tambayi ɗalibanmu abin da suke so su zama, da wuya amsar ta wuce likita, lauya, injiniya, nas ko soja. Duk ayyuka ne masu daraja. Amma kowa ya san cewa ba dukan aji ne za su sami gurbin karatun likita ba, ofisoshin gwamnati da ke Birnin Kebbi kuma ba za su iya ɗaukar duk mai takardar shaida ba. Saboda haka ya kamata mu faɗaɗa tunani. Ra'ayina shi ne, aikin da ake yi wa fim da shirin talabijin bayan an gama ɗauka sana'a ce ta gaske, wadda ake zuwa makaranta a koya, kuma ta cancanci yaro ko yarinyar da suka tashi a gidan Kirista a Argungu su neme ta. Zan kawo dalilaina, sa'an nan in amsa wa masu ja.

MENE NE WANNAN AIKI?

Mu mutanen kwarin Rima ba a koya mana shinkafa. Manomi ya yanko ta daga fadama, ya buge, ya ɗura a buhu. To, shin an gama? Wa zai tuƙa tuwo da shanshera? Sai an jiƙa, an turara, an shanya, an kai inji, an sheƙe buntu, an tsince tsakuwa, kafin ta hau tukunya. Masana'antar shinkafa ta WACOT da aka buɗe a garin nan a 2017 ba ta shuka ko ƙwaya ɗaya a cikin injinta. Aikinta ke nan, wato rabin aiki na biyu, kuma a nan ne farashin buhu ke tashi.

Haka fim yake. Abin da mai kyamara ya ɗauko shanshera ne. Akwai wurin da ɗan wasa ya manta maganarsa, akwai wurin da akuya ta yi kuka, akwai wurin da aka maimaita sau bakwai. Kuma ba a jere ake ɗauka ba. Ana iya ɗaukar ƙarshen labari ranar Litinin, farkonsa ranar Juma'a. Sai an kai wa mai tacewa, wanda 'yan fim ke kira edita, ya zauna gaban kwamfuta ya mai da wannan tarkace labari. A lura, wannan tacewa dabam take da ta Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001. Ita hukumar duba tarbiyya take yi ta ba da izini. Tacewar da nake nufi aikin hannu ne da ƙwaƙwalwa.

Aikin yana da sassa. Akwai yanka da jera hoto. A tsarin talabijin ɗinmu, hotuna 25 ne ke wucewa a cikin daƙiƙa ɗaya, wato 1,500 a minti guda, 135,000 a fim mai tsawon awa ɗaya da rabi. Edita ne ke yanke shawarar inda kowane yanki zai fara da inda zai tsaya. Akwai haɗa sauti: a share ƙarar janareto da iska, a daidaita murya da kiɗa don kada ɗaya ya danne ɗaya, a ƙara takun ƙafa da ƙarar ƙofa waɗanda makirfo bai kama ba. Akwai gyaran launi, domin hoton da aka ɗauka da hantsi da wanda aka ɗauka da la'asar su zama kamar lokaci guda. Akwai rubuta fassara a ƙasan hoto. Akwai kuma ɗora murya, irin yadda Algaita ke sa 'yan wasan Indiya su yi Hausa. A manyan kamfanoni kowane sashe da gwaninsa. A ƙasarmu sau da yawa mutum ɗaya ne ke ɗauke da su duka.

Don ku gane nauyin aikin, ga misali. Wata mata haifaffiyar Afirka ta Kudu mai suna Margaret Sixel an ba ta hoto na kimanin awa 480 na wani fim da ya fito a 2015. Ta tace shi ya koma awa biyu, ta kuma ci kyautar Oscar a 2016 saboda wannan aiki. Ku lissafa da kanku: in mutum zai kalli awa 480 yana yin awa takwas kowace rana, sai ya yi kwana sittin kafin ya gama kallo kawai, bai ma fara yanka ba.

KASUWA TANA NAN

Kakanninmu sun san majigi, motar da ke zuwa filin gari da dare a zamanin Turawa. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Maƙwabtanmu na Nijar ma ba a bar su a baya ba, don Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1972. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset na bidiyo, daga nan masana'antar da ake kira Kannywood ta tsiro. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo shirye-shirye masu dogon zango kamar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in. Daga 2020 irin su Labarina da Izzar So suka mamaye wayoyin jama'a. A 2024 fim ɗin Hausa mai suna Mai Martaba ne Nijeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar, a wannan shekarar kuma aka naɗa Ali Nuhu shugaban Hukumar Finafinai ta Nijeriya.

Ga abin lura a nan. Shirin da ke fita kowane mako, tacewa yake bukata kowane mako. Ba kuma fim kaɗai ba. Labaran da NTA Birnin Kebbi da gidan talabijin na jiha ke watsawa da dare, wani ne ya tace su da yamma. Tallan kamfani, bikin aure, taron yaye ɗalibai, faɗakarwa a kan rigakafi, darasin da malami ke ɗorawa a intanet, dukansu ta hannun edita suke bi. Masu riƙe kyamara sun yi yawa, don kowace waya kyamara ce yanzu. Waɗanda suka iya mai da abin da aka ɗauka ya kallu su ne 'yan kaɗan.

ME YA SA ARGUNGU KE BUKATARSU?

Bikin kamun kifi na garin nan ya samo asali ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo a 1934, wadda ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi bayan doguwar gaba. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya. Dubban masunta na faɗawa Matan Fada da homa da gora, cikin kamar awa ɗaya an gama. Wanda yake Legas ko Landan ba zai ga wannan awa ba. Minti uku zai gani, kuma edita ne ya zaɓa masa su.

To, wa ya kamata ya zaɓa? Baƙo zai nuna taron jama'a da giwan ruwa a kan sikeli, ya rufe. Ɗan gari ya san aikin Sarkin Ruwa, ya san kiɗan da ake yi wa masunta a cikin kwalekwale, ya san matan da ke banda kifi duk shekara ba ranar biki kaɗai ba. Ya san kuma cewa asalin bikin sulhu ne, darasin da ƙasar nan ke matuƙar bukata. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, shi kuma ya san inda aka ajiye abin kirki.

Mu tuna cewa bayan bikin 2009 ba a sake yin wani ba sai 2020. Yaron da aka haifa a 2010 ya kai shekara goma bai taɓa ganinsa da ido ba, sai abin da aka adana a hoto. Wannan ya nuna mana cewa al'ada na iya tsayawa, kuma abin da aka ɗauka aka gyara shi ke cike giɓi. Gidan tarihi na Kanta yana nan cike da makamai da tambura masu labari. Ga Uhola a ƙasar Zuru, ga Rigata a Yawuri. Ga tsofaffin kaset na makaɗan fada da na ƙungiyoyin mawaƙan ikkilisiya suna ruɓewa a cikin akwatuna. Ku dubi abin da ya sami fim ɗin Shaihu Umar. Shekaru da dama ana ɗauka ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Wata cibiya mai suna Arsenal a Jamus ce ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Mun gode musu ƙwarai. Amma har yaushe za mu riƙa jiran wasu su wanke mana kayan gadonmu?

IKKILISIYA BA BAƘUWA BA CE A WANNAN FAGE

Wasu dattawa na ganin kamar wannan sabon abu ne da yara suka jawo. Dattawan nan kuwa su ne suka girma da sauraron gidan rediyon ELWA da ya fara watsa shiri daga Monrobiya a 1954, da Muryar Bishara da ke zuwa daga Adis Ababa tsakanin 1963 da 1977. Shirye-shiryen Hausa na Muryar Bishara a Jos ake naɗa su. A wancan zamani da reza ake yanka zaren kaset, a manne da gam, a cire tari da kuskuren mai wa'azi. Waɗanda suka yi wannan aiki ba mu san sunayensu ba, amma ta hannunsu bishara ta shiga ƙauyukan da ƙafar mai bishara ba ta kai ba. Fim ɗin Yesu da aka yi a 1979, wanda da yawanmu muka kalla da Hausa a filin majami'a, an ɗora masa murya cikin harsuna fiye da 2,000. Kowace fassara aikin masu tacewa ce.

Littafi Mai Tsarki ma bai raina aikin hannu ba. A Fitowa sura 31, Allah da kansa ya kira Bezalel da sunansa, ya ba shi hikimar sassaƙa da ƙira domin aikin alfarwa. Ku kuma karanta ayoyi huɗu na farkon Bisharar Luka. Luka ya tattara shaidar waɗanda suka gani da ido, ya bincika, ya jera ta daki-daki domin mai karatu ya tabbatar da gaskiya. Edita na kirki ba shi da wani aiki da ya wuce wannan.

AMSA GA MASU JA

Na farko, akwai masu cewa harkar fim ta marasa tarbiyya ce. Ba na musun cewa akwai abubuwan kunya a cikinta. Akwai kuma ɓarayi a cikin akantoci, ba mu kuwa hana yara lissafi ba. Iyaye su sani cewa edita ba ya rawa, ba ya fitowa a allo, yawancin aikinsa a ɗaki yake yi shi kaɗai. Wannan ya sa sana'ar ta dace da 'yan mata, har bayan aure, ta dace kuma da mai naƙasa a ƙafa wanda noma da su za su gagare shi. Haɗarin gaske a wani wuri yake. Kimanin shekara ɗari da suka wuce, wani Barashe mai suna Kuleshov ya ɗauki fuskar mutum guda, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sa'an nan da akwatin gawa, sa'an nan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga so, alhali fuskar ɗaya ce. Ma'ana, mai yanka na iya sa hoto ya faɗi abin da bai faru ba. A yau ana yanke rabin maganar fasto ko liman, a watsa a waya, gari ya kama da wuta. Mu da muke zaune da 'yan'uwanmu Musulmi a kasuwa ɗaya da rijiya ɗaya mun san tsadar wannan. Dokar da ta hana shaidar zur ta hau kan mai riƙe kwamfuta kamar yadda ta hau kan mai tsayawa gaban alƙali. Don haka nake cewa masu tsoron Allah ne ya kamata su cika wannan kujera. In mun ƙaurace mata, wani zai zauna.

Na biyu, ana tambaya ko akwai abinci a ciki. Akwai, amma ba zan yi muku romon baka ba. Yawancin editoci ba 'yan albashi ba ne, aiki ake ba su a biya. Wata guda a samu, wata guda a yi shiru. Akwai furodusan da zai karɓi aiki ya ce sai fim ya fita. Masu satar fasaha sun taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifai da ta taɓa cika Ƙofar Wambai a Kano. YouTube ma ba ya raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara masu bibiya 1,000 da yawan kallon da aka ƙayyade. Saboda haka wanda zai shiga, ya koyi rubuta yarjejeniya, ya karɓi kafin alƙalami kafin ya taɓa aiki, ya kuma riƙe fanni fiye da ɗaya. Wanda ya iya hoto da sauti da fassara ba ya rasa mai ƙwanƙwasa ƙofarsa. Bayan haka, aikin ba ya tilasta ƙaura. Ana iya aiko da fayil daga Kano ko Abuja, a gyara shi a Argungu, a mayar.

Na uku, ana cewa ina wuta, ina kayan aiki? Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Kwamfuta mai ƙarfi tana da tsada, wutar lantarki kuma kun san halinta. Amma manhajar DaVinci Resolve, wadda manyan kamfanonin duniya ke gyaran launi da ita, tana da nau'in kyauta. Audacity ta gyaran sauti ita ma kyauta ce. Ana iya soma koyon yanka a waya da CapCut. Sola kuwa ta shiga gidaje da majami'u da yawa. Da babu gara ba daɗi.

Na huɗu, wasu ɗalibai sun ce ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace aikin. Lallai tana share ƙara, tana rubuta magana, tana rage wahalar da dā ke cin kwanaki. Wanda iyakar iyawarsa danna maɓalli ne, yana da dalilin damuwa. Amma sanin cewa shirun da tsohuwa ta yi kafin ta amsa tambaya ya fi amsar nauyi, ko cewa wannan karin magana bai dace a gaban sarki ba, sai wanda ya sha nonon harshen. Ku koyi na'urar ku sa ta aiki, kamar yadda manomi ya karɓi injin ban ruwa bai bar fadama ba.

INA AKE KOYO?

A Jos akwai Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, wadda Hukumar Finafinai ta Nijeriya ta kafa a 1995. Tana ba da difloma, da digiri tare da Jami'ar Jos. A Jos ɗin dai akwai Kwalejin Talabijin ta NTA, wadda ke da alaƙa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Jami'ar Bayero ta Kano tana da sashen wasan kwaikwayo. A Legas kamfanin MultiChoice ya buɗe makarantar horo ta shekara ɗaya a 2018. Ana iya kuma karanta aikin jarida ko kimiyyar kwamfuta kusa da gida, a haɗa da zaman koyo a hannun gwani. Ku tuntuɓi malamin ba da shawara ku duba ƙa'idodin JAMB na shekarar da za ku nema.

Kada wani ya ɗauka wannan mafaka ce ga malalaci. Sai da kiredit biyar, har da Turanci. Adabi zai koya maka gina labari. Fizis zai koya maka haske da sauti. Hausa da Turanci masu kyau su ne jarin mai fassara, in kuma ka ƙara da Faransanci, ga Dosso da Yamai nan kusa. Wanda yake cikin ƙungiyar mawaƙa ya riga ya fara horar da kunnensa. Fiye da duka sai haƙuri, don za ka kalli daƙiƙa goma sau hamsin. Mai son a san fuskarsa a titi ya nemi wata sana'a, don sunan edita a ƙarshen fim yake fitowa, lokacin da jama'a suka tashi.

SHAWARA

Ga hukumar makaranta, ina roƙo a ba ƙungiyar 'yan jarida da ta wasan kwaikwayo kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, su riƙa tace bikin ba da kyaututtuka da wasannin gidaje da kansu, maimakon a biya na waje. Ga dattawan ikkilisiya da zumuntar mata, ku tattaro tsofaffin kaset na waƙoƙi da wa'azi, a ba matasa su juye su a kwamfuta tun kafin su lalace, a kuma naɗi tarihin tsofaffin da suka kafa majami'unmu tun suna raye. Ga iyaye, in yaro ya ce wannan yake so, kada a kore shi, kada kuma a sakar masa kuɗi nan take. A ce ya yi shirin minti biyar a kan kakarsa ko a kan masu saƙar homa, ya kawo a kalla a tsakar gida. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ku kuma 'yan aji shida, ba cewa nake dukanku ku zama editoci ba. Muna bukatar likitoci da malamai da manoma. Amma in a cikinku an sami biyu ko uku da Allah ya ba ido da kunne da haƙuri, kada su binne wannan talanti don tsoron abin da mutane za su ce. Su je su koya da kyau, su riƙe gaskiya, su dawo su yi wa ƙasar Kabi aiki.

Ubangiji ya ba ku nasara a jarrabawa, ya bishe ku a hanyar da za ku bi. Amin.